Bugun Ƙirjin Tobias

Bijimin da ya soki Tobias a kasuwar shanu ta Iware ba ma wani ƙato ba ne. Ana tura shi cikin mota ya juyo, ƙaho ɗaya ya shige ƙarƙashin haƙarƙarin saurayin ta dama. A lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, asibiti kuwa sai a hankali, amma Allah ya sa akwai Dokta Yuguda. Ya buɗe cikin, ya tarar hanta ta dagargaje, ya yanke abin da ya lalace, ya bar ɗan guntun da ya rage.

Da ya fito sai ya nemi uwar yaron, Dinatu, mai sayar da doya a Kasuwar Jalingo.

"Mama, hanta ba kamar ƙafa ba ce," in ji shi. "In an yanke ta, tana sake tsirowa. Abin da na bari ba zai riƙe shi ba sai ya girma. Yanzu jira za mu yi."

Dinatu ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon. Wanka, abinci, juya mara lafiya, duk ita ke yi, kamar yadda kowa ke yi wa nasa a ɗakin. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Duk lokacin da ta ɗora tafin hannu a ƙirjin ɗanta, sai ta ji zuciyar tana gudu kamar ana korarta.

Ta san wannan gudun. Haka ƙirjin mijinta Barnabas ya yi a ranar da ya rasu, hannunta na kai har ya tsaya. Shekaru sun wuce, amma tafin hannun bai manta ba. Da rana tsaka, tana zaune ana ta hayaniyar masu dubiya, sai ta ga fuskar Barnabas a kan matashin Tobias, baki a buɗe, ido yana nemanta. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

To, a gidan hayarsu na unguwar Barade ba a rowar magani. Mai ciwon kai ta leƙa ɗakin maƙwabciya, a ɓallo mata ƙwaya biyu, kamar dai an ara mata gishiri. Dinatu kuma tana da nata maganin hawan jini, ƙananan ƙwayoyi da ke kwantar mata da faɗuwar gaba. Wace uwa ce za ta ji ƙirjin ɗanta yana irin wannan gudu, magani na ƙulle a bakin zaninta, ta zauna tana kallo? Ta murƙushe ɗaya a cikin kunu ta ba shi. Zuciyar ta lafa. Daga ranar kullum sai ta ba shi, ita kuma ta haƙura da nata rabon.

Ƙirjin ya yi lafiya lau, yaron kuwa sai baya yake yi. Idonsa ya zama rawaya, ciki ya kumbura, barci ya yi masa yawa. Wata safiya Dokta Yuguda ya daɗe riƙe da wuyan hannunsa, ya ce shi dai wannan sanyin bugun zuciya yana ba shi mamaki.

Dinatu ta yi murmushi. "Ai ni na taimake ka, Likita. Zuciyan shi yana gudu, na ba shi nawa." Ta kwance bakin zani ta nuna masa.

Likitan ya karɓi ƙwayoyin ya juya su a hannu. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya ja ta baranda.

"Mama, kin san yadda gaban mutum ke faɗuwa in ya tsorata? Akwai wani abu da jiki ke saki cikin jini a lokacin, shi ke sa zuciya gudu. Shi ɗin ne kuma ke kai wa hanta saƙo, cewa an yi ɓarna, ta tashi ta tsiro. Hanta tana da wuraren da take karɓar saƙon. Irin wannan maganin naki toshe su yake yi."

"Kenan gudun nan kira ne?"

"Wani ɓangarensa."

"Ni na kashe shi?"

"Bai mutu ba. Kuma ban sani ba, Mama. A kan ɓeraye aka fi gwada abin. Wataƙila guntun da na bari ne ya yi kaɗan tun farko. Ba zan ce ke ce ba. Ba zan kuma iya rantse miki cewa ba ke ba ce."

Ta koma ɗakin. Daga duk bayanin abu ɗaya ta riƙe: tsoro ne ke kiran hanta. Ta tsaya a kan Tobias, ta ɗauki kwanon silba ta maka shi da ƙasa. Duk ɗakin ya zabura, wata mai jinya ta yi salati. Tobias bai motsa ba.

Ta sunkuya a kunnensa ta kurma ihu. "Tobias! Ga bijimin! Ya tsinke igiya, ga shi nan a bayanka, tashi ka gudu!"

Mutane suka taso za su riƙe ta, ta fizge. Ta ce masa gidansu ya kama wuta. Ta ce ƙanwarsa ta faɗa rijiya. Ta ce ita kanta mutuwa za ta yi yanzu a gabansa. Duk wani mugun abu da uwa ba ta son bakinta ya furta, ta faɗe shi, hannunta danne a ƙirjinsa tana jira.

Can ya buɗe idanun nan rawaya, ya daɗe yana kallonta, sannan ya gane ta. Ya ɗan yi murmushi.

"Mama, kar ki damu," ya ce a hankali. "Tun da kike ba ni kunun nan ba na jin tsoron komai."