Gawa Biyu a Ɗakin Adoum

"Kama ƙafafun, Malam Mai Moussa, ni na riƙe kai," in ji Dodo.

"Ba ta da ƙafafu, Dodo. Fukafukai ne."

"To kama fukafukan, don girman Allah!"

Ba da gawar suke kokawa ba. Ita tana kan gado, sun riga sun miƙar da ita, sun ɗaure haɓa, sun fuskantar da ita alƙibla. Adoum ne, mutumin Cadi, maƙwabcin Mai Moussa a hawa na huɗu na wani tsohon gida a Villeurbanne, ma'aikaci a ɗakin ƙere-ƙeren makarantar injiniyoyi. Da hantsi Dodo mahauci ya kawo masa nama kamar kullum, ya tarar da shi zaune, kai bisa tebur, tabarau a goshi. Abin da ya gagare su roka ce, fara mai jan kai, ta fi Dodo tsawo, wadda Adoum ya daɗe yana ƙerawa tare da ƙungiyar ɗaliban makarantar.

Kakar 1995 ce. Bama-bamai sun tashi a Paris, ɗaya ya tashi a nan Villeurbanne ɗin, sojoji sun cika tashoshin jirgi. Likita kuwa tana hanya, kuma sai ta sa hannu cewa mutuwar Allah da Annabi ce kafin a ba su gawa.

"Musulmi, baƙi, shi kaɗai a ɗaki, ga wannan a tsaye," Dodo ya ce yana haki. "Wallahi polis za ta kira. Su tafi da shi su farke masa ciki, ya yi wata guda cikin sanyin frigo kamar cinyar sa."

Mai Moussa bai yi gardama ba. Ya yi rayuwarsa yana fassara jawaban manyan mutane a wata hukumar duniya a Paris, ya karanta littattafan da ba su hana komi faruwa ba. Ya san sanyin nan da Dodo yake faɗa, gawar matarsa Hamida ta kwana biyu a ciki tana jiran sa hannun wani da ya tafi hutu. Ga kuma ƙanwar Adoum, Saadatou, ta bugo waya daga Stains, kusa da Paris, tana kuka: "Baba Mai Moussa, ku kawo mini yayana gobe. An ba mu wuri a maƙabartar Thiais. Kada ku bari su taɓa shi."

Sun gwada kabad, ta yi gajarta. Sun gwada ƙarƙashin gado, fukafukai suka ƙi shiga. Matakala kuwa ba ta biyuwa, don tsohuwar da ke gadin gidan ko kyanwa ta wuce sai ta leƙo. Suna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Suka kwantar da rokar bisa darduma, Dodo ya figo zanen gado ya lulluɓa mata. Sai da Mai Moussa ya juya zai buɗe ƙofa ya lura ita ma sun fuskantar da ita alƙibla.

Likitar mace ce, siririya, da alamar ba ta yi kalaci ba. Ta dubi gado, ta dubi darduma.

"An ce mini mutum ɗaya ne."

"Ɗaya ne, Madame."

"Wannan fa?"

Ta matsa kusa da darduma. Ta ɗaga zanen da yatsu biyu, ta ja da baya har ta jingina da ƙofa. "Ina telefon ɗin gidan nan?"

Mai Moussa ya buɗe baki, Faransancin nan nasa na ɗakunan taro ya watse. Ya shiga tsintar abin da Adoum ya sha gaya masa a kan shayi, lokacin shi idonsa yana kan littafi, yana cewa "uhum." Ya ce mata abin ɗalibai ne, hukuma ta sani. Ya ce doka ta hana kowa ajiye injin roka a gida. Sau ɗaya a shekara, da bazara, ake taruwa a wani filin soja, a duba kowace roka, sannan mutumin gwamnati ya kawo injin ya saka da hannunsa, kowa ya koma nesa. Wannan kwanso ce kawai.

"Ka tabbata?" Dodo ya raɗa masa da Hausa.

"A'a."

Makon jiya Adoum ya shigo da murna yana cewa, "Malam, na samo!" Mene ne ya samo? Lema ce ta saukowa, ko fenti, ko inji? Mai Moussa ya tuna shafin da yake karantawa a lokacin, har sakin layin. Amsar ce bai tuna ba.

"In kwanso ce, me ya sa kuka rufe ta?" likitar ta tambaya.

"Al'ada ce, Madame. Duk abin da ya kwanta bai motsi, rufe shi muke yi."

Ba ta yi dariya ba. Hannunta yana kan telefon.

Mai Moussa ya dubi fuskar Adoum. Mutumin nan ko titi babu mota ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi hannu, har haushi yake ba shi. Irinsa ba zai ajiye inji a gida ba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin gindin rokar.

"La'ilaha illallahu! Malam, in ta tashi fa?" Dodo ya faɗa bayan kujera.

"In ta tashi ka huta da matakala." Ya ƙara turawa, sai ya tsaya cak. "Akwai wani abu."

"Monsieur, cire hannunka!"

Abin yana da laushi. Ya jawo shi a hankali: safa ce, mai huji a diddige, an cusa don kare ƙura. Ya ajiye ta, ya mai da hannu har kafaɗa, bai taɓa komi ba sai sanyi. Likitar ta sunkuya ta haska da 'yar tocilarta, ta daɗe tana leƙe. Daga nan ta miƙe ta nufi gado, ta buɗe idon Adoum, ta duba ƙirji da wuya, ta karanta kwalin magungunan da ke kan tebur.

"Zuciya ce," ta ce, ta sa hannu. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Da kun bar ta a tsaye, da tambaya kawai zan yi."

"Ka ji ko?" in ji Dodo bayan ta fita. "Ni dai na ce a bar ta, kai ne mai boko."

Mai Moussa bai da ƙarfin ƙaryata shi.

Washegari da safe mota ta ɗauki Adoum zuwa Paris, Dodo a gaba kusa da direba, da carbi a hannu. Mai Moussa bai bi su ba, ya riga ya san hanyar Thiais tun da ya kai Hamida, ba ya marmarinta. Ya hau matakalar sannu a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Da ya kai na huɗu ya tsaya tsakanin ƙofofi biyu, mabuɗai biyu a tafin hannunsa, nasa da na Adoum, ya rasa wanne ne nasa. Yana cikin jujjuya su fitilar matakalar, mai kashe kanta, ta cika lokacinta ta mutu. Maɓallin yana nan kusa da kafaɗarsa, bai danna ba.