Kifin Shazli Yana Numfashi

Shekara talatin da ɗaya ina sassaƙa kifin katako a Aswan, wanda ake maƙala wa ƙugiya a ja bayan jirgi, giwan ruwa ya zata abinci ne ya haɗiye. Rayyis Awad, mai kai baƙi kamun kifi can cikin tafki, bai taɓa ɗaukar na kowa ba sai nawa, kuma inda ya juya nan sauran masu jirage ke juyawa.

Sai ga Shazli, mijin ƙanwata, mai rubuta suna a jikin jirage, ya faɗo sana'ata. Gaskiya a fenti ba ni kama ƙafarsa. Amma yau zai sassaƙa, gobe ya zuba launi a kan ɗanyen katako. Ni kuwa sai na tsoma nawa cikin man toshe katako sau uku, kowane tsomi kwana biyu a inuwa, in bi da samfefa. Ramin da wayar ƙugiya ke shiga ma sai na ɗura masa man da tsinken ashana. Sannan farin fenti na ƙasa, sannan launi.

Ran Alhamis Rayyis ya same mu wurin mai shayi. Asabar zai tashi, kwana shida a ruwa, kifi goma yake so. Shazli ya baje nasa a tebur, ja da ruwan gwal, suna walƙiya. Na kwance ƙyallena: goma, farare fat, ko ido babu.

"Yaya Dahab, jana'iza za mu?" in ji Shazli. "Ga su duk a likkafani!"

Aka tuntsire da dariya. Rayyis bai yi ba. Ya juya na Shazli a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Baba Dahab," ya ce a hankali, "baƙi da ido suke zaɓa."

Na san idan ya tashi da jajayen nan, sunana ya mutu a bakin ruwa. Na kurɓi zoɓona, na ce wa mai shayi ya zubo ruwan ɗumi a bokiti.

"Wankan gawa za a yi musu?" in ji Shazli.

"Naka za a yi wa, ango. Miƙo wanda ka fi so."

Na danna nasa da nawa ƙasan bokitin da cokali biyu. Kowa ya leƙo. Nawa shiru. Nasa kuwa, daga ramin waya sai ga kumfa, ƙanana, a jere, ɗaya na bin ɗaya.

"Masha Allah," na ce. "Rayyis, kifin surukina har numfashi yake yi."

Rayyis ya wuce a yi masa bayani, amma na yi don na gefe. Inda iska ta fita, nan ruwa zai shiga. Kwana biyu katako ya kumbura, fenti ya tsage, kifin ya dinga iyo a karkace kamar ya sha wani abu, giwan ruwa ko kallonsa ba zai yi ba.

Rayyis ya tattara fararen cikin ƙyallen, ya tsaya.

"Amma haka zan kai su, ba ido?"

Shazli na can yana goge kifinsa da gefen jallabiya, bai ɗago ba. Na karɓi ƙullin, na tura gabansa.

"Farin ya bushe tun jiya. Sa musu kayan angwancin nan naka. Kowa ya san ni ido biyu ban taɓa zana su daidai ba."

"Da ma na daɗe ina gani, kunya ta hana ni faɗa," in ji Shazli.

Da ya tashi, sai ya sunkuyo saitin kunnena.

"Yaya, man nan, sau nawa ka ce?"

"Uku. Ka zo da ashanarka."