Goshin Fidencio

Malama Herminia ta shigo aji fuska a murtuke, ta danna alli a kan allo har ya karye. Ɗalibanta, tsofaffin Amurkawa da suka zo Oaxaca ta ƙasar Meziko koyon Sifaniyanci, suka zuba mata ido.

"Yau salon aikatau na fata da roƙo za mu yi," in ji ta. "Shi mutum ke kamawa in abu ya fi ƙarfinsa, sai dai ya roƙa."

Bakinta ne kawai a ajin. Da sassafe ɗanta Fidencio ya tsaya a ƙofar gida da jaka a kafaɗa, zai haura arewa, ya ƙetara hamada zuwa Amurka tsinkar tuffa. Ya cire hula, ya miƙo goshi.

"Mama, a sa mini albarka."

Tun yana ɗan mitsitsi, ko kasuwa ba ya zuwa sai ta zana masa gicciye a goshi ta ce ya je lafiya.

"Albarkar me? A ƙofar nan ubanka ya miƙo mini nasa goshin, na sa masa. Ina yake? Ko takalminsa hamada ta dawo mini da shi?"

"Mama, mota za ta tashi."

"Ta tashi mana! Mai kunnen ƙashi kawai!"

Ta cusa hannuwanta cikin mayafi. A tunaninta, in ta hana ba shi da ƙafar tafiya. Ya jira, ya jira. Ɗan banzan yaro, sai ya mayar da hularsa ya tafi, ko ƙunshin tamale, alalar masarar da ta dafa masa, bai ɗauka ba.

Yanzu ta rubuta a allo: Que te vaya bien.

"Ma'anarsa, ka je lafiya. Ku faɗa."

Suka faɗa a sanyaye. Wani dattijo mai gajeren wando ya ɗaga hannu. "Malama, don me aikatau ya sauya a nan?"

"Don hanya ba a hannunka take ba, bawan Allah! Ku ɗaga murya, ba ku karya kumallo ba ne?"

Haushin kanta ya fi na kowa cinta. Ta nufi tagar da ke kallon titin arewa, wanda motar Fidencio ta bi, ta bankaɗe ta.

"Nan za ku juyo. Ku sake! Ku ƙara!"

Tsofaffi suka yi ta rangaɗa wa titi fatan alheri, suna kallon juna. Duk ajin ita kaɗai ce ba ta faɗa ba. Babban yatsanta, fari fat da alli, yana zana gicciye a jikin gilashin.