Jan Ɗigon Farfesa

Tana cikin goge allo Farfesa ya turo ƙofar ajin ba ko sallama, hularsa a karkace.

"'Yata, ashe kina nan."

Malamar ba ta juyo ba. Rabon da ya kira ta 'yarsa tun kafin ya cire sunanta daga binciken da ta ƙarar da idanunta a kai.

A wancan lokacin, hotunan sararin samaniya aka ba sashensu na jami'a, waɗanda aka ɗauka ta gilasan tace launin haske 'yan kaɗan. Daga launin kowane gungun taurari ake kintatar nisansa: yawanci wanda ya fi ja ya fi nisa. Ita ta tsinto wani jan ɗigo a ciki. Amma da ta saka shi a manhajar kwamfuta, zanen da ke nuna nisansa ya fito da tozo biyu, ɗaya na nesa, ɗaya na kusa. Ko dai gungun yana can inda ido bai taɓa kaiwa ba, ko kuwa wani ɗan ƙarami ne nan kusa, ƙura ta rina shi.

Ta ce a jira a auna shi da babbar na'urar hangen nesa. Farfesa ya datse tozon kusa, ya bar na nesa, ya kira 'yan jarida. Da ta ɗaga murya a taron sashe, sai ya ce, "Yau kuma ƙwai zai koya wa kaza kwanci? Danna kwamfuta kawai kika yi." Aka yi dariya. Waɗanda suka san gaskiyarta kuwa kowa ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa. Su ne ma suka fi ƙona mata rai.

"Masu babbar na'urar sun auna," in ji Farfesa yanzu, murya ƙasa-ƙasa. "Na kusa ne."

"Allah sarki. Ashe maƙwabci ne."

"Za mu fitar da gyara. Na ce a mayar da sunanki, a sama ma, kafin nawa. Ai haƙƙinki ne. Sai ki je gaban majalisar jami'a ki yi bayanin yadda manhajar ta ruɗe mu."

"Mu?"

Sai yanzu ta juyo. Ta daɗe tana tanadin maganganu masu zafi domin wannan rana, amma da ta ga zufa na bin wuyan rigarsa, sai ta ji ba ta bukatarsu.

"Ranka ya daɗe, ina ni ina hawa saman Farfesa? Danna kwamfuta kawai na yi. Akwai shaidu."

"Haba 'yata, a rufa wa juna asiri mana."

Ɗalibai suka fara shigowa, suna gaishe shi suna jan kujeru. Ta ɗauki alli, ta zana tozo biyu manya a tsakiyar allon, ta daɗa kaurara na kusa har allin ya karye.

"Darasinmu na yau ke nan," ta ce. "In za ka zauna, ranka ya daɗe, akwai wuri a gaba."