Katangar Baba Hashim

Gwaggo Sa'adiyya ƙanwar mahaifina ce. Shekara sittin da biyu ta yi a lungunmu na Dala, inda in ka buɗe taga bangon maƙwabci ne zai gaishe ka. Ranar da likita ya ce idonta ba zai kai baɗi yana gani ba, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Cewa ta yi, "To a kai ni inda ido zai yi nisa."

Marigayi mijinta ya bar mata fili a kan wani dutse can wajen Tiga, ga ruwan dam shimfiɗe a ƙasansa. Babu maƙwabci, babu ƙarar adaidaita, sai iska da masunta can nesa. Dangi suka yi mata caa, wai mace ita kaɗai a dawa? Ta ce ai da 'Yardada za ta tafi. Ni ke nan fa! Wallahi ban san da ni a tafiyar ba, amma wa ya isa ya ce wa Gwaggo a'a?

Aikin ginin ta ba yayanta, Baba Hashim, maginin da rabin sorayen unguwarmu aikin hannunsa ne. Wata huɗu ya yi a can.

Da muka je, sai da na ce tubarkalla. Ɗaki biyu na ƙasa, rufin azara, zanko a kowace kusurwa, ciki sanyi kamar randa. To amma ina ruwan dam ɗin? Ashe Baba Hashim ya zagaye gidan da katanga tsayin mutum biyu, tagogin kuma 'yan mitsi-mitsi can kusa da rufi, yadda ake yi a cikin gari don kada na waje ya leƙo matan gida. Haba! A kan dutse wa zai leƙo mu, biri?

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta danne min hannu.

"Yaya, sannu da aiki. Gida ya yi kyau."

"Ko a kan raƙumi mutum yake ba zai hango ki ba," in ji shi, yana ta fara'a.

"Haka ne," ta ce a hankali. "Ta ina ruwan yake? A juya min tabarma wajen, ko iskarsa na ji."

Baba Hashim ya dubi katangar, ya dubi ƙanwarsa tana laluben bango. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa rushe abin da ya gina ba, sai ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki diga. Na ce ya bari a kira leburori, ya ce shi ya ɗora ta, shi zai sauke. Ni dai ban taɓa ganin dattijon da ya burge ni kamarsa ba.

Sai bayan la'asar ya gama, ya buɗe wajen da mota za ta iya shiga. Haske ya cika tsakar gidan.

"'Yardada, wannan farin mai ƙyalli, shi ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ga wani baƙi-baƙi yana tafiya a kai."

"Kwalekwale ne."

Ta daɗe tana kallo, ko ƙyaftawa ba ta son yi. Baba Hashim yana zaune a kan tulin ƙasa, tafin hannunsa duk ya fashe.

"Yaya, matso kusa da ni," in ji ta. "Ka kalla da kyau. Nan gaba kai za ka riƙa gaya min abin da ke wucewa."