Gawarwakin Shagon Tijani

Tijani mai gyaran kwamfuta a unguwar Asawase bai taɓa sayen hannun jarin kowa ba, amma tun da ƙaninsa Fu'ad da ke Jamus ya fara turo masa saƙon murya a kan kamfanin Mai-kifi, zama ya gagare shi. Mai-kifi shi ne sunan da mutanen Zango suka raɗa wa kwamfutocin nan masu tambarin kifi a murfi, kuma Tijani ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. A bayan shagonsa akwai ɗaki maƙil da matattunsu, yana kiransu gawarwaki. Daga jikinsu yake ciro fanka da batir da allo ya tayar da na mutane. Da ɗakin nan yake ci, da shi yake taƙama.

Fu'ad kuwa bakinsa ba ya hutawa. Da safe ya ce hannun jarin kamfanin ya faɗi, masu kuɗi na ta tserewa. Da azahar ya ce wasu attajirai za su saye shi. Kafin la'asar kuma ciniki ya watse. Tijani ya ɗauki sukudireba ya ajiye, ya leƙa ɗakin ya dawo, ya sake kunna saƙon da ya riga ya haddace. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Jikan fataken goro ne, kuma a gidansu doka ɗaya aka sani: in farashi ya fara sauka, kada ka kwana da kaya, gobe ruɓewa za su yi. Matarsa Rakiatu ta ce masa ƙarfe ba goro ba ne, ya bari ƙura ta lafa. Ya ce mata ita ba ta san kasuwa ba. Shi da ya sani ɗin sai ya kira Moro na Akwatia Line, ɗan kondem, mai sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli.

Moro ya zagaya ɗakin yana taɓe baki.

"Yaya Tijani, kamfani ya mutu koraa, kwata-kwata. Bari na kwashe maka ƙarfen nan tun yana da nauyi."

Aka loda gawarwakin a aboboya, babur mai bodi, aka tafi. Ranar Tijani ya ci wake da shinkafa har da ƙari.

Ba a jima ba labari ya tabbata: an sayi kamfanin, sababbin masu shi kuma sun ce sun daina ƙera kayan gyaran tsofaffin samfura. Masu gyara daga unguwar Tafo har Adum suka shiga kiran Tijani, kowa na neman ko da maɓalli ne. Ana cikin haka Malama Fareeda ta makarantar Islamiyya ta kawo tata kwamfutar Mai-kifi, fanka kawai ta tsaya, ga jarrabawar yara a ciki.

Ya ce ta jira, ya tari tasi zuwa Akwatia Line. Tun daga nesa yake jin ƙarar guduma. Moro ya nuna masa buhunan tagulla a gefe, da tulin fasasshiyar roba, ya ce ai su ba sa barin kaya ya kwana. Tijani ya tona tulin har yatsunsa suka yi jini, bai samu fanka mai rai ba.

Ya tarar da Fareeda zaune inda ya bar ta. Ya rufe murfin kwamfutar a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Malama, ki yi haƙuri, ki gwada wani shagon. Ba ni da abin da zan gyara miki da shi."