Ruwan Tada Famfo

Jethro ya sake ɗaga kai ya dubi allon wuta, sai ka ce kallon zai canza wani abu. Fitilu uku ne a jere. Ja tana ci, rawaya tana ci, shuɗiyar ta ƙi. Tun ƙarfe goma na safe haka suke, ga shi rana ta kusa tsakiya.

Shekararsa tara yana kula da gidan famfon da ke tura ruwa zuwa Makera da gefen Trikania, ya kuma gaji da yi wa mutane bayanin abu guda: injin nan layin wuta uku yake ci. Ka tada shi da biyu, zai yi gurnani, ya yi zafi, ya ƙone ƙurmus. Ɗan'uwan injin da ke kusurwa lulluɓe da tamfol haka ya mutu bara, har yau ana jiran kayan gyara daga Turai. Amma wa zai saurare ka? Mutum ya ga fankarsa tana juyawa a ɗaki, shi ke nan, a wurinsa an kawo wuta, saura ruwa.

Kwana huɗu ke nan babu ɗigo a famfo, a tsakiyar zafin bazara. Tun da sojoji suka koya wa mutane bin layi, bokitai ma layi suke bi: ga su nan jere daga bakin ƙofar waya har kwanar titi, masu su suna rakuɓe a inuwar katanga.

"Oga Jethro," in ji Madam Nneka mai gidan abinci a Kakuri, ta kama wayar ƙofa da hannu biyu. "Rediyona yana magana tun safe. Wuta ta zo. Mene ne kuma?"

"Rabi ce ta zo, Madam."

"To ba mu rabin ruwa mana."

Matan suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Jethro ya koma ciki. Ba layi na ukun ne kaɗai ke cin ransa ba. Ruwan yana cikin tankin ƙasa, a ƙarƙashin ƙafafunsa, tsabtatacce, amma an yi wa murfin walda tun shekarar da wata akuya ta faɗa ciki. Hanyar fitarsa ɗaya ce, ta bututu. Bututun kuwa yana yoyo ta gindi: da zarar injin ya tsaya, ruwan cikinsa sai ya zurare ya koma ƙasa. Kafin a sake tada shi dole a ɗura masa ruwa ta mazurari har ya cika, in ba haka ba iska zai yi ta ja. Don haka ne ake ajiye duro guda a gefen injin, ba na sha ba, ba na wanka ba.

A kwana huɗun nan sau biyar ana kawo wuta cikakkiya, sau biyar yana ɗura ruwa, sau biyar ana ɗaukewa kafin injin ya kama. Ya leƙa cikin duron. Abin da ya rage bai fi bokiti ɗaya ba, daidai ɗuri guda.

Jiniyar masaƙa ta yi kukan sha biyu lokacin da ya ji muryar matarsa. Celina ba ta zuwa wurin aikinsa. Ya juya. Ta biyo ta ƙaramar ƙofar baya, bokitin ƙarfe a hannu, ɗankwalinta ya karkace.

"Baban Hannatu, ciwon yarinyar ya ƙaru."

"Ba kin kai ta wurin nas ba?"

"Daga can nake. Ta ce gudawar nan ruwan kogi ne. Ta ce in riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari, kofi bayan kofi, kada in tsaya. Ta ce mai tsabta." Ta ajiye bokitin. "Na tafasa na kogin, ya fito kamar koko. Ta kurɓa ta amayar. Idanunta sun faɗa, ko kukan ma babu hawaye."

Hannatu shekararta ɗaya da wata huɗu. Ita ce ta rayu bayan biyu sun rasu.

"Wa ke wurinta?"

"Lydia maƙwabciya." Celina ba shi take kallo ba, duron take kallo. Ta san da shi, shi ya taɓa ba ta labarinsa da bakinsa.

"Maman Hannatu, wannan na tada famfo ne. In babu shi, ko an kawo wuta—"

"An kawo?"

Ya dubi allon. Shuɗiyar tana nan a mace, babu ko alama. Tsoro ya kama shi ta ko'ina, tsoron mutanen da ke waje, tsoron injiniyan da ke samansa, da wanda ya fi su duka, tsoron komawa gida da yamma ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Wa ya san ranar da layin zai dawo? Wataƙila gobe, wataƙila mako. Ya karkata duron da kansa, ya juye har ɗigon ƙarshe. Bokitin ya cika saura ɗan yatsa biyu.

"Rufe da zani. Ki bi ta baya, kada su gani."

Ta ɗora a ka ta fita. Ya zauna a kan duron da ya kife, ya share gumi, ya ji wani sauƙi mai haɗe da kunya. Bai fi minti biyu da zama ba ya ji ƙaramin ƙas daga allon.

Shuɗiyar ta kama. Uku ɗin duka suna ci, allurar mita ta miƙe tsaye inda ake so.

Jethro ya tashi a hankali. Wai yau ga wuta cikakkiya, ga tanki cike, ga mai famfo, babu ruwan bokiti ɗaya. Na waje duk busassu ne, shi ya sa suke layi. Kogi kuwa zuwa da dawowa awa guda, ruwansa rabi yashi, kuma wa ya ce wutar za ta jira? Ya fita ta ƙofar baya da sassarfa.

Ba ta yi nisa ba. Da kaya a ka ba a gudu. Ya cim mata a bakin kwata, bayan katanga.

"Celina."

Ta juyo da jikinta duka. Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi yarinyar. Ta dubi fuskarsa, ta gane.

"A'a," ta ce.

"Ta zo duka. In ya kama, minti ashirin ruwa na famfon gidanmu. Ba bokiti ɗaya ba, duk abin da take bukata. Da na sauran yaran unguwa."

"In bai kama ba fa?"

Ya waiwaya ya dubi gidan famfon.

"Sau nawa ka zuba a kwanakin nan?"

"Biyar."

"Sau nawa ya kama?"

Ta ɗago hannu ta riƙe bokitin sosai. Daga can bakin ƙofa ana jin Madam Nneka tana kiran sunansa.

"Ka bar mini ko kofi biyu."

"In bai cika ba, iska zai ja. Duka ya tafi a banza."

Ta daɗe tana kallonsa, kallon da bai taɓa gani a idonta ba. Sannan ta wuce shi, ta koma ciki. Ba ta miƙa masa ba. Ita da kanta ta sauke, ta cire zanin, ta tsaya a gaban mazurarin.

"Nan?"

"Nan. A hankali."

Ta zuba. Ruwan yana shiga yana ƙugi, bututun yana shanyewa, har ya taso ya tsaya a bakin ramin yana ƙyalli. Jethro ya ɗaure murfin. Ya dubi allon: uku. Ya ɗora yatsa a kan makunni.

Celina ta ɗauki bokitinta, fanko.

"Ba za ki tsaya ki gani ba?"

"Zan je in zauna a bakin famfo da ita a cinyata," ta ce daga ƙofa. "In bai zo ba, Baban Hannatu, kai za ka zo ka gaya mata."

Ya danna.